Ɗigon Lalle a Haƙarƙarin Baba

Babbar Sallar da ta wuce, 'yata likita ta zo hutu ta hana ni cin hantar ragona. Ni na yanka, ni ya kamata in fara buɗe baki da hantar nan, sai ga ta ta riga ni wurin fiɗa da faranti da ƙunshin alluran ɗinki. Sunan mahaifiyata aka raɗa mata, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunan, Inna nake ce mata tun tana zanen goyo. Ta san da haka, shi ya sa take taka ni yadda ta ga dama.

"Baba, minti goma kawai in nuna maka aikina," in ji ta. "Kullum kana tambaya mi nika yi."

Minti goman nan sai da ya kai mu azahar.

Ga abin da na fahimta. Akwai tiyatar da ba a farke ciki, sai dai a huda 'yan ƙofofi a zura kyamara da wasu dogayen ƙarafa, likita na kallon talabijin yana aiki. To, kyamarar bayan hanta kawai take gani, ƙarin da ake nema kuwa, wato tsiron ciwon, yana can ciki a ɓoye. Sai suka samo dabara. Hoton cikin majiyyaci da aka ɗauka kwanaki kafin aiki, shi kwamfuta ke ɗaukowa ta shimfiɗa a kan abin da kyamara ke nunawa, likita ya riƙa ganin ƙarin da jijiyoyin da ke ƙarƙashi. Aikin 'yata shi ne ta auna tazarar da ke tsakanin inda hoton ya ce abu yake da inda yake da gaske, milimita nawa ce.

Ta soke hantar da allura biyar, ta ɗauki hoto da wayarta, sannan ta sa yatsa ta ɗaga gefe ɗaya. Allurai suka karkace, kowace ta nufi gabanta.

"Ka gani? Hoto na nan inda shike, hanta ta tashi. Mutum shi ja numfashi ta sauka, a juya shi ta zame, a hura mai iska ga ciki ta sake zama."

A hankali take maganar, tana jan kalmomi, kamar ba ni ne na shekara talatin da ɗoriya da tef a aljihu ba. Yunwa na cina, raina kuma ya soma ɓaci.

"Na sani!" na daka mata tsawa.

"Ina kas sani, Baba? Kai ƙasa kaka aunawa. Ƙasa ba ta numfashi."

Ta taɓa ni a wurin da na daɗe ina rufewa.

A shekarun farko bayan an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, ina cikin matasan safiyo da aka kwaso aka kawo Birnin Kebbi. Gari ya wayi gari ya zama babban birnin jiha, ma'aikata sun cika shi babu wurin kwana, mu kuma aka tura mu Gesse mu yanka filaye. Da safe mu shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan taswira, da rana mu fita mu kafa turaka, kafin gobe awaki da masu gonaki sun tumɓuke rabi. Ni ne gwanin mayar da turke. Ba ni wuri biyu da ba su motsa ba, ka ba ni littafin awona, in mayar maka da turken da ya ɓata a raminsa na jiya. Har kirari abokan aiki suke mini a kan haka, kaina kuwa ya kumbura ya fi hulata. A lokacin gani nake duk wata matsalar duniya rashin awo ne ya kawo ta.

Iyayena suna Argungu. Baba masunci ne, yana kuma noman shinkafa a fadama, mutum ne mai taurin kan da ban ga irinsa ba sai a madubi. Ni ne ɗan fari, don haka tsakanina da mahaifiyata akwai kunyar nan tamu. Ita Innar ta ainihi ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo gare ni sai ta gaya wa ƙofa, ko turmi, ko Baba, ina tsaye ina ji. Tun da na fara aiki ta laƙaba mini "mai awo". Wasu na ganin abin sha'awa ne. Ni kam ya sha ƙona mini rai, domin ba ka iya gardama da wanda ke magana da turmi.

Damina ta kusa ƙarewa Baba ya kwanta. Zazzaɓi ya yi mako uku ba ya sauka, ga ciwo a gefen dama wanda ya sa yake tafiya a karkace, hannu dafe da haƙarƙari. Mutumin da ke cinye malmala uku ya koma kurɓar kunu. Likitan da ke duba shi a Argungu ya ce yana zaton ƙurji ne ya taru a hanta, in haka ne kuwa sai an soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari an zuƙe mugunyar kafin ya fashe a ciki. Amma ba zai soka a makance ba, sai an yi hoton ciki an nuna masa daidai wurin. Na'urar hoton da muka sani a lokacin guda ce, a wani ɗan asibiti a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, na wani likita ɗan kudu wanda ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa.

Ranar Laraba na kai Baba. Likitan hoto ya kwantar da shi a gefen hagu, ya ɗaga masa hannun dama ya ɗora a kan kai, ya shafa mai, ya riƙa yawo da kan na'urar a haƙarƙari yana cewa ya riƙe numfashi. A 'yar talabijin ɗin wani baƙin abu ya bayyana, zagayayye kamar bakin rijiya. Ya ce shi ne. Ya ɗauko shuɗiyar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya zana kuros, layi biyu a gicciye, a fatar Baba, ya rubuta zurfin a takarda ya ba ni in kai wa likitan Argungu.

"Nan za a soka," in ji shi. "Kada ruwa ya taɓa wurin nan, ko kaɗan."

Ni kuwa sai gwaninta ta motsa. Baba na kwance yadda aka ajiye shi, na zaro tef na auna daga cibiya zuwa kuros, na auna daga kan nono zuwa kuros, na ƙara da na uku daga tsinin ƙashin ƙugu don tabbatarwa. Na rubuta duka a littafin awo, a ƙasan lissafin wani fili na Gesse. Likitan ya dube ni ya yi murmushi.

"Oga safiyo, kai dai ka lura kada ya goge."

A raina na ce, wannan ya san allura amma bai san awo ba.

Da an yi aikin ranar Alhamis kamar yadda aka shirya, da ban sami labarin bayarwa ba. Sai aka kira likitan Argungu taro a Birnin Kebbi, irin tarukan rabon ma'aikata da ba sa ƙarewa a shekarun nan, aka ɗaga aikin zuwa safiyar Asabar. Aka ba Baba magani aka ce ya jira a gida. Kafin in koma bakin aiki na tsaya a tsakar gida na yi wa'azi. Na ce babu wanka, babu goge jiki, ko gumi ya zubo a bar shi ya bushe da kansa. Na faɗa da Hausa, na maimaita, na nuna da hannu. Baba ya ce ya ji. Inna ta gaya wa murhu cewa an ji.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sauka a tashar Argungu, ɗan kabu-kabu ya kai ni gida. Tun daga zaure na jiyo ƙanshin sabulu da turare, na san an yi wanka. Baba na kwance a tabarma a inuwar darbejiya, ya sha farar riga tas. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ɗaga rigar. Shuɗin kuros ya tafi, ko alamarsa babu. Abin da ke haƙarƙarin tsohon nan wani jan ɗigo ne, faɗin kan babban yatsa.

"Baba, wanka kay yi?"

"Yau Juma'a ta."

"Ba na ce kada ruwa shi taɓa wurin ga ba?"

"Na kare shi da hannu. Sabulu na yag gangaro, ni ban aike shi ba." Ya ja numfashi da ƙyar. "Tun ina saurayi ban bar wankan Juma'a ba. In tahiya ta taz zo, sai in tahi da dauɗa don an yi min zane?"

"To wanga hwa, mi na?"

"Tambayi tsohuwarka."

Inna na bakin madafa tana tsince shinkafa, ta ba ni gefe. Ba ta ɗago ba ta ce wa faifan da ke hannunta, "A hwaɗa ma mai awo, shuɗin ya tahi, shi na anka maida mai wanda ba shi tahiya."

Lalle ne. Lalle ta kwaɓa ta ɗiga wa mijinta, dattijo mai furfura, a haƙarƙari, ta ɗaure da tsumma har ya kama.

"Inna, da mi kunka auna?"

"A ce mai da yatsa."

Wallahi ji na yi kamar in yi ta ihu har a jiyo ni a gulbi. An ɗauki mutum an kai shi gaban na'ura, likita ya ɓata lokacinsa, an samo wuri daidai, sannan a dawo gida a maye gurbinsa da yatsa da lalle. Na ce musu allura ce za a soka mai tsawon taƙi, ba ƙunshin biki za a yi ba. Na ce in aka kauce ko kaɗan ana iya huda huhu ko hanji. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su dace ɗa ya faɗa a gaban uwarsa ba. Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta, tsakuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sai na tuna ai ina da littafi. Nan take hankalina ya kwanta, har da ɗan jin daɗi, don ga ranar da awo zai nuna amfaninsa a gidanmu. Baba na kwance rigingine, hannuwansa a gefe, haka na bar shi. Na kafa tef a cibiya na ja, na kafa a kan nono na ja, na duba da na ƙugu. Na ukun bai zauna sosai ba, sai na ce ai cikin ne ya ƙara kumbura, na yi masa uzuri. Inda biyun farko suka haɗu ya fi ɗigon lallen da yatsa uku, sama da shi, ya ɗan karkato gaba. Na sake, ya faɗa nan. Na sake karo na uku, nan dai.

"Kun gani?" na ce da ƙarfi yadda turmi da faifai za su ji. "Yatsa ukku! Da kun kashe shi!"

Na zana kuros ɗina da baƙar makar ofis. Saura in kawar da lallen, kada ya rikita likita. Na sa sabulu da soso, ko gezau. Na matsa lemun tsami, na goga toka, na dawo da soso. Duk gugar da na yi sai Baba ya gantsare yana salati.

"Kai, bari! Nan na ciwon shike, ɗan nema!"

"Yi haƙuri, Baba, yanzu za shi hita."

Tsoho na gaya mini da bakinsa cewa nan ne ciwon, ni kuma ina ta dirza, kunnena a toshe da lissafi. Inna ta ce wa bango, "A bar mai wurin hakanan, shi ji da abin da ad damunai." Fata ta yi ja, lalle na nan daram. Ban taɓa jin haushin wani ganye a duniya kamar yadda na ji haushin lalle ranar nan ba.

Abin da na yi daga nan shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Na yanko filasta na manne a kan ɗigon. Niyyata gobe in nuna wa likita baƙin kuros a matsayin wanda aka zana a gaban na'ura, in ya tambayi filasta in ce ƙurjewa ce. Ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin. Gani nake turke ne ya tumɓuke na mayar, kamar kullum.

Da safiyar Asabar muka isa asibiti. Likitan matashi ne, ga alama taron ya gajiyar da shi. Ya karanta takardar, ya sa aka hau da Baba kan gado, ma'aikaciyar jinya ta buɗe tire. Na ga allurar, na kawar da kai. Inna na tsaye a bakin ƙofa ta ja mayafi har goshi. Likita ya ɗaga rigar, ya ga kuros, ya jiƙa auduga ya fara goge kewayensa.

"Wanga shi na alamar da anka yi?" ya tambaye ni ba tare da ya juyo ba.

Na buɗe baki zan ce i.

"Kai."

Muryar Inna ce. Na waiga, sai na ga ni take kallo, cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Ka hwaɗa mai gaskiya, ko ni in hwaɗa."

 Kada ku ɗauka na rusuna. Cikin fushi na faɗi gaskiyar, ina ɗora laifi a kan wankan Juma'a da sabulu da lalle, na zaro littafi ina nuna wa likita lambobi. Ya ɓare filastar, ya tsaya yana kallon haƙarƙarin Baba, ga baƙi a sama ga ja a ƙasa. Ya danna nawa da yatsa, Baba ya yi shiru. Ya danna na Inna, Baba ya zabura har gadon ya yi ƙara.

"Haba jama'a!" in ji likita. "Mutum guda, alama biyu, kowace da mai ita? Ni ba ni soka allura ga gardama."

Ya ajiye audugar ya yi ta faɗa, rabi da ni rabi da Inna, har da Baba da wankansa. Da ya huce ya taɓa goshin Baba, ya dubi idonsa, ya ce aikin ba zai jira Litinin ba. Ya sa aka naɗe kayan aikin, ya ce mu shiga motarsa, a je a yi a gaban na'urar kowa ya huta.

Ba na mantawa da tafiyar nan. Tsohuwar Fijo ce, hanya kuma damina ta cinye ta. Baba na kwance a baya, kansa a cinyar Inna, jikinsa zafi kamar garwashi, duk ramin da muka faɗa sai ya yi nishi. Ni ina gaba na rungume littafi. Muna wuce Ambursa, shinkafa ta yi kore shar a fadama, mahaifina na baya tsakanin rai da mutuwa, ni kuwa abin da nake shiryawa a zuci shi ne kalaman da zan faɗa in na'ura ta gaskata ni. In na tuna wannan saurayin na kujerar gaba, har yau ji nake kamar in kai masa rankwashi.

Likitan hoto ya saurari labarin, ya dubi alamun biyu, ya yi ƙoƙarin danne dariya bai iya ba.

"Baba, amarya za ka yi?"

"Bari dai, ɗana," in ji Baba. "Gida nib baro masana biyu."

Aka hau da shi gado rigingine. Kafin likitan ya taɓa na'ura sai ya ce in matso in sa ido a kan baƙin kuros ɗina. Ya juya Baba gefen hagu, ya ɗaga masa hannu ya ɗora a kai. Ina kallo fatar tsohon ta ja ta zame a kan ƙashi, kan nono ya haura, cibiya ta rinjaya ƙasa, kuros ɗina ya bi fata ya yi tafiyarsa. Wuraren da na kafa awona a kansu, waɗanda na ɗauka ba sa motsi, duka sun tashi daga inda suke. A kwance ta gefe na ɗauki awo ranar Laraba, a rigingine na mayar ranar Juma'a. Sau uku na auna, sau uku na maimaita kuskure guda.

Ya ɗora kan na'urar a kan kuros ɗina ya ce Baba ya ja numfashi. Wani abu fari-fari ya sauko a talabijin ya rufe komai kamar an saki labule.

"Huhu ke nan," in ji shi. 

Ya gangara yana nema har baƙar rijiyar ta fito sosai, ya tsaya a inda ta fi kusa da fata, ya ɗiga shuɗiyar maka. Sannan ya miƙo hannu.

"Oga safiyo, ara mini tef ɗinka. A'a, kai ma za ka fi ni iyawa. Auna mana daga shuɗin nan zuwa kowace."

Da tef ɗina, da hannuna, a gaban likita biyu da iyayena. Daga shuɗi zuwa baƙin kuros, santimita shida saura kaɗan. Daga shuɗi zuwa tsakiyar lalle kuwa bai cika santimita ɗaya ba, shuɗin ma a gefen jan ya zauna. Na karanta lambobin da ƙarfi don haka hannu da baki suka saba, har na rubuta su a littafi kafin in ankara.

Likitan hoto ya juya wajen Inna. "Mama, yaya kika yi kika gane wurin?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Sati ukku ina gasa mai wurin da ruwan ɗumi, na san shi. Nit tambaye shi yadda anka kwantad da shi, nik kwantad da shi hakanan, hannu bisa. Nib bi tsakanin haƙarƙari ina dannawa. Inda yay yi salati da ƙarhi, nan niɗ ɗiga."

"Me ya sa lalle?"

"Na san Malam. Gobe ma wanka za shi yi."

Likitocin suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Aka fitar da mu, aka bar Baba da su. Muka zauna a benci ɗaya ni da Inna, tsakaninmu wurin zaman mutum biyu, tana jan carbi ina kallon takalmina. Da aka kira mu, ga kwano an kusa cika shi da wani abu mai kauri, ja-ja baƙi-baƙi. Baba ya leƙa ya ce kalar gulbi ce in ruwa ya sauko. A karon farko cikin mako uku na ga ya ja numfashi har ƙasa bai dafe gefe ba. Hawaye suka zubo mini, na fita waje na tsaya a bayan motar likita har suka tsaya.

Baba ya warke. Kafin a gama girbin shinkafa ya koma gulbi da gorarsa, 'yan'uwansa masunta suna tsokanarsa da ango saboda jan ɗigon da ya ƙi fita sai da ya ga dama. Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, kuma bai fasa wankan Juma'a ko sau ɗaya ba.

Inna ta koma yadda take, kamar ba ita ce ta kalle ni a asibiti ba. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko a gaban turmi. Na so in ba ta haƙuri. Sau da yawa nakan je Argungu da niyyar haka, in zauna a bakin ƙofarta in gaishe ta, in yi gyaran murya, sai ta ce wa ƙwarya a ba mai awo fura. In sha furar in tashi. Nakan gaya wa kaina kunya ce ta hana, ɗan fari ba ya irin wannan magana da uwarsa. Amma kunyar ba ta hana ni ɗaga mata murya ranar Juma'ar nan ba. Haka na yi ta ɗagawa, wata bayan wata, har ranar da aka aiko mini Gesse cewa in zo, na isa na tarar an riga an yi mata wanka.

Duk wannan na kwashe na gaya wa 'yata ranar Sallar nan, muna tsugune a gaban hanta mai allura biyar, har da zancen filasta. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Da na gama, tambayar farko da ta yi irin tawa ce.

"Santi nawa kac ce?"

Na shiga ɗaki na tono littafin a ƙasan akwati. Takardun sun yi ja, amma lambobin na nan a ƙarƙashin lissafin filin Gesse. Ta duba ta girgiza kai, ta ce a aikinsu ko rabin rabin kuskurena aka samu sai a dakatar da komai. Ta daɗe tana kallon lambar kakarta.

"Baba, ka ba ta haƙuri?"

"Cire allurran ga ki ba ni hantata."

Ba ta motsa ba. Ta zuba mini ido, irin kallon da aka taɓa yi mini sau ɗaya a bakin wata ƙofa. A wurinmu wanda ya ci sunan mahaifiyarka uwarka ne, ita ma ta san haka, ni ma na sani. Na rufe littafin.

"Inna," na ce, "ku yi haƙuri. Ku ad da gaskiya, ni nay yi kuskure."

Ta san ba da ita nake ba. Ta sunkuyar da kai ta shiga zare allurai ɗaya bayan ɗaya, idonta ya cika. Da ta zare ta ƙarshe sai ta juya mini gefe, ta ce wa farantin, "A hwaɗa ma mai awo an yahe mai. Shi tashi shi hura wuta."

Na tashi na hura. Hantar ta sha iska ta yi tauri, ga hudar allura ko'ina, haka na gasa ta muka ci tare.